Tsohon Turanci da na yau: amsoshin tambayoyin da na gaji da maimaitawa

"Let" ba "ƙyale" yake nufi ba?

Eh, haka ne. Yana kuma nufin ba da haya, shi ya sa kake ganin "To Let" a jikin gidaje da shaguna. Akwai kuma wani tsohon "let" mai nufin cikas, har yau yana cikin fasfon Birtaniya: "without let or hindrance", wato kada kowa ya tare wa mai fasfon hanya. Asalinsu kalmomi biyu ne daban, rubutunsu ne ya zo ya haɗu.

"Thou" kalmar girmamawa ce?

A'a. Ita ce "kai" ko "ke". "You" ce ta jam'i da ladabi, kamar yadda muke ce wa babba "ku". Ganin "thou" a fassarar Alƙur'ani zuwa Turanci da Pickthall, wani Bature Musulmi, ya yi a 1930 ne ya sa kuke zaton sarauta ce da ita. Salon tsofaffin littattafan addini ya bi, shi ke nan.

Na duba ƙamus amma jimlar ta ƙi fahimtuwa.

Ma'anar farko ka karanta ka rufe, na san halinku. Babban ƙamus na Oxford bisa tarihi yake jera ma'anoni, ta sama ita ce mafi tsufa. Dubi shekarar rubutun da ke hannunka tukuna. A Baibul na Sarki James na 1611, "suffer" na iya nufin ƙyalewa, "meat" abinci kowane iri, "prevent" kuwa riga wani zuwa.

A takardar hayar shagona an rubuta "the tenant shall". Dole ce ko zaɓi?

To, nan sai a hankali. A makaranta an koya mana "shall" don abin da zai faru nan gaba, amma a bakin lauyoyi galibi wajibi take nufi, "may" ce ta zaɓi. Na ce galibi, don akwai lokutan da kotuna suka ɗauki "shall" a matsayin nuni kawai, bayan sun duba manufar dokar baki ɗaya. Rikicin ya kai ga a 2007 Amurka ta sauya mafi yawan "shall" da "must" a ƙa'idojin shari'un farar hula na kotunan tarayya. Shawarata, ka ɗauke ta a matsayin dole. Duba ko takardar ta faɗi abin da zai biyo baya in ka saɓa, kamar tara ko tashi daga shagon. In ta faɗa, ba wasa. In mai shagon ya gauraya "shall" da "will" a takarda ɗaya, kada ka yi hasashe, ka nemi a mayar da su "must" kafin ka sa hannu. In kuɗin da yawa, kai wa lauya. Kuma kada ka ji kunya, Turawan ma rikicewa suke yi.

In zuba "thou" da "hath" (tsohuwar "has") a jarrabawar WAEC don in burge?

Kada ka kuskura. Mai duba takarda Turancin yau yake nema.