Gwajin magungunan ciwon daji a Kano

Gwajin magani bincike ne da likitoci ke yi da yardar marasa lafiya, domin a gane ko sabon magani ya fi wanda aka saba ba su. Mataki-mataki ake yinsa: a fara da mutane kaɗan don duba illa da yawan abin da jiki zai ɗauka, daga baya a kwatanta shi da tsohon magani a kan mutane da yawa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya na nuna sama da mutum 120,000 ke kamuwa da ciwon daji a Najeriya duk shekara, amma gwajin da ake yi a ƙasar kaɗan ne, mafi yawansa kuma a asibitocin koyarwa na kudu.

Tarihi

Ba a maganar gwajin magani a Kano ba tare da an taɓo 1996 ba. A shekarar ne annobar sanƙarau ta hallaka dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer na Amurka kuma ya gwada maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wato IDH. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi maganin da aka riga aka sani. Yara 11 sun rasu, wasu sun kurumce ko sun nakasa. Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce an yi musu bayani da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. An daɗe ana shari'a a Najeriya da Amurka, har aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Sai wajen 2011 wasu iyalai suka fara karɓar diyya.

Ba maganin daji aka gwada ba, amma tabon ya shafi kowane irin bincike. Masana da dama na ganin yana cikin abin da ya rura ƙin allurar shan inna a 2003.

Ƙa'idoji

Tun 2007 akwai kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa. Kowane gwaji sai ya samu amincewar kwamitin ɗa'a da izinin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Cikas

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da aka kafa a 1988, yana da rajistar masu ciwon daji da sashen da ke binciken tsokar da aka ciro daga jikin majiyyaci. Sai dai gwaji na buƙatar a san nau'in dajin dalla-dalla, awon kuwa da tsada, majiyyaci ne kuma yakan biya. Da yawa ba sa zuwa sai ciwo ya ci jiki, bayan an zaga wajen masu maganin gargajiya, ga imanin nan na cewa daji ba ya son allura. A lokacin sun wuce sharuɗɗan shiga gwaji. Shekaru da dama mai buƙatar a gasa masa dajin da na'ura sai ya tafi Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja.

Takardar amincewa ma wani aiki ce. Yawanci da Turanci take zuwa, sai an karanta wa majiyyaci da Hausa a gaban shaida kafin ya dangwala yatsa. Matar aure sau da yawa takan ce sai ta shawarci maigida, abin da jadawalin masu bincike na waje bai cika lura da shi ba.

Ƙoƙarin faɗaɗawa

Gwamnatin jiha ta gina cibiyar ciwon daji a Giginyu, aka ƙaddamar da ita wajen farkon 2023, shekarar da cibiyar binciken daji ta ƙasa, NICRAT, ta fara aiki a Abuja. Matakan faɗaɗa gwaji da aka fi ambata su ne horar da ma'aikatan jinya kan aikin bincike, biya wa majiyyata kuɗin mota, da sa malamai da masu unguwanni cikin shawara tun kafin a fara.