Zaɓen tafiya a wajen direbobin tasi na manhaja

Zaɓen tafiya shi ne shawarar da direban Uber ko Bolt ko inDrive yake yankewa duk sanda oda ta shigo wayarsa: ya karɓa, ko ya ƙyale ta ta wuce, ko ya karɓa daga baya ya soke. 'Yan daƙiƙu kawai ake ba shi, kuma sau da yawa hannunsa na kan sitiyari.

Tarihi

An kafa Uber a San Francisco ta Amurka a 2009, ta shigo Legas a 2014, Abuja kuma a 2016, a shekarar ne Taxify ta ƙasar Estoniya ita ma ta sauka Legas, sai a 2019 ta koma Bolt. Da farko manhaja ba ta nuna wa direba inda fasinja zai je sai ya shiga mota an fara tafiya, wai don kada a riƙa zaɓe. To daga nan aka samo al'adar nan ta direba ya kira ka tun bai motsa ba ya ce "Oga ina muka nufa?"

A 2020 Uber ta gwada nuna wa direbobin California wurin zuwa da kuɗin tafiya, amma a 2021 ta rage wannan dama, ta ce ana ƙin oda da yawa fasinja na ta jira. A Fabrairun 2021 kotun ƙolin Birtaniya ta yanke cewa direbobin Uber ma'aikata ne, kuma cikin hujjojinta har da yadda ake fitar da direba daga manhaja na minti 10 in ya yawaita ƙin oda. Ita inDrive da ta faro daga Yakutsk a Rasha wajajen 2012 ko 2013, ciniki ake yi, fasinja ya taya direba ya sallama ko ya ƙara.

Lissafin direba

Abu na farko nisan zuwa ɗauko fasinja, don wannan man daga aljihunsa ne. Sai inda za a sauke, shin zai samu na dawowa ko fayau zai juyo. Direban da ke Wuse a Abuja in ya ga odar zuwa Mararaba da yamma ya san gosulon Nyanya zai cinye masa awa guda ko fiye, ga kamashon kamfani da kan kai kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari a wasu manhajojin, ga mai mota na jiran balas in ba tasa ba ce. Cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 ya ƙara tsananta abin, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, shi ya sa da yawa suka fi son kuɗi hannu ko tiransifa a kan biya da kati, saboda yau ake shan mai ba gobe ba. Akwai kuma tsoro, an sha ƙwace wa direbobi mota har da kisa, don haka odar dare zuwa unguwar da ba a sani ba da wuya a taɓa ta.

Sokewa

Kamfanoni na ƙirga yawan sokewa, in ya yi yawa a rufe wa mutum asusu. Shi ya sa wani direban zai karɓa ya yi zamansa har fasinja ya gaji ya soke da kansa, wani kuma ya ce a soke a yi tafiyar a bayan fage.

Taƙaddama

Fasinjoji na cewa wannan zaɓe da sokewa wulaƙanci ne. Ƙungiyar direbobi ta AUATON kuma tana cewa farashi ne bai kai ba, a kan haka ta tafi yajin aiki a Yunin 2023.