Fentin gangar birki a gyaran tsofaffin motoci

Gangar birki, wadda makanikai ke kira durom, ita ce kwanon ƙarfen da ke juyawa tare da taya, wanda takalman birki biyu ke tokara daga ciki idan direba ya taka birki. Yi mata fenti na daga cikin ƙananan ayyukan farfaɗo da tsohuwar mota. Ana yin sa ne don hana tsatsa da kuma don kyan gani, musamman a motocin da wilinsu na waya ne ko mai manyan ƙofofi, inda ake hango gangar daga waje. Fenti ba ya ƙara wa birki ƙarfi ko kaɗan, amma idan aka shafa shi inda bai dace ba yana iya rage masa.

Asalin gangar

Louis Renault na Faransa ne ya yi rajistar fasahar wannan birki a 1902, kuma yawancin motocin da aka ƙera daga nan har shekarun 1950 da shi suka fito a ƙafafu. Birkin faranti, wanda ake matse faifan ƙarfe daga gefe biyu, ya fara karɓe wurinsa bayan Jaguar ta ci tseren motoci na Le Mans a Faransa da shi a 1953, sai Citroën DS ta fito da shi a ƙafafun gaba a 1955. Duk da haka ganga ba ta ɓace ba. Yawancin Volkswagen Beetle ganga ce a ƙafafunsu huɗu, haka ƙafafun bayan Fijo 404 akori-kura. Kamfanonin biyu sun fara harhaɗa motoci a Najeriya a 1975, Volkswagen a Legas, Fijo a Kaduna, shi ya sa ba a rasa irin waɗannan ganguna a tsofaffin garejinmu.

Akasari da baƙin ƙarfe na zubi ake yin ganga, saboda yana jure zafi da guga. Aibinsa shi ne saurin tsatsa: gangar da aka wanke tas aka bari a waje da damina, kafin gari ya waye ta yi ja. Akwai kuma ta alminiyom mai haƙarƙari a jiki don fitar da zafi, da zoben baƙin ƙarfe a ciki, irin wadda Buick ta sa wa motocinta tun ƙarshen shekarun 1950. Irin wannan galibi wanke ta kawai ake yi a bar ta da launinta.

Kafin a buɗe gwangwanin fenti

Abu na farko shi ne a tabbatar gangar tana da sauran rai. Gangunan da yawa na ɗauke da lamba a jikinsu mai nuna iyakar faɗin da cikinsu zai iya kaiwa. Wadda ta cinye ta wuce wannan iyaka, ko ta tsage, ba ta fenti ba ce, ta canji ce. Idan cikin ya yi zane-zane har sai an kai ta wurin masu injin feƙe ƙarfe, a fara yin hakan, domin injin zai kwarzane sabon fenti.

Ƙurar da ke cikin tsohuwar ganga abin tsoro ce. Shekaru da dama da asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da ke jure zafi, aka riƙa yin fatar takalman birki, kuma shaƙarsa na jawo cutar huhu da kansa bayan shekaru masu yawa. Ba a hura ta da iska ko a kaɗe ta da busasshen tsumma. Jiƙa ta ake yi da ruwan wanke birki a goge, mutum na sanye da abin rufe hanci. Bayan haka sai a cire tsatsar waje da burushin waya da samfefa, ko da injin fesa yashi, a wanke maiƙo da giris har sai farin tsumma ya fito da fari. Mafi yawan fentin da ke ɓarewa bayan wata biyu, a nan aka yi masa ha'inci. Idan aka ga wani ɗan ƙarfe a manne da walda a jikin gangar, kada a cire shi: kamfani ne ya sa don daidaita nauyinta.

Wuraren da ba a taɓawa

Nan ne ainihin gwanintar aikin. Cikin gangar inda takalma ke guga ba ya son ko ɗigon fenti, domin zai narke ya like a fatar takalmin, birki ya riƙa santsi ko fizga gefe guda. Ana rufe shi da tef da takarda, kuma duk abin da ya tsallake a goge shi kafin a haɗa. Fuskar da ke zama a kan kan aksul ita ma a bar ta ƙarfe zalla, don ɗan tudun fenti na iya karkatar da gangar har direba ya ji feda na bugun ƙafarsa. Sai fuskar da wili ke kwanciya a kai, wadda aka fi mantawa da ita. Fenti mai kauri a nan yakan yi laushi idan ganga ta ɗau zafi, ya lotse, notunan da aka ɗaure tam su saki. Wasu masu gyara kan ɗora wilin su zana da'irarsa da alli, su rufe cikin da'irar, su fesa sauran. Zaren kusoshin taya ma a rufe shi.

Irin fenti da launi

Fentin jikin mota ba ya jure zafin ganga a doguwar gangara. Yakan yi ƙuraje ya ƙone. Ana amfani da fentin inji, wanda yawanci aka rubuta masa jure kimanin digiri 260 na Salshiyos, ko fentin birki na musamman da wasunsa ke kaiwa kusan digiri 480. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun isa, a bar kowanne ya sha iska. A kuma kiyaye man birki: nau'in DOT 3 da DOT 4 na cin fenti, don haka silindar birki, wadda ke tura takalma daga cikin ganga, idan tana yoyo sai an gyara ta tukuna.

Batun launi kuwa masu harkar sun rabu. Masu neman mota ta koma yadda ta fito daga masana'anta, irin waɗanda ke kai motocinsu gasar baje kolin tsofaffin motoci ta Pebble Beach a Kalifoniya, sukan bi abin da kamfanin ya yi a shekarar, ko baƙi ne ko ƙarfe ba fenti. Don irinsu ake sayar da fenti mai launin tokar sabon ƙarfen zubi. Masu gyara don nishaɗi sukan zaɓi ja ko launin jikin motar. Baƙi mara ƙyalli ya fi rufa asiri, domin yana ɓoye ƙurar birki, kuma shafinsa mara kauri ba ya hana zafi fita.

Yawancin fentin zafi sai ya gasu yake ƙarasa ƙarfi. Saboda haka a tafiyar farko ana tuƙi a hankali, ana taka birki jefi-jefi, kuma akan ji ɗan ƙaurin fenti daga ƙafafun. Bayan kilomita 50 zuwa 100 sai a sake gwada notunan taya ɗaya bayan ɗaya.