Ku cire ledar nan, kaji ma numfashi suke yi

Hunturu ya shigo, waya ta fara ƙara. Daga Kurna, daga Sheka, daga Ɗorayi, maganar ɗaya ce: "Malam, sanyi ya kama min kaji, sai minshari suke, a rubuto min magani." Kafin in ƙarasa tsakar gida na san abin da zan tarar. An naɗe akurki da baƙar leda, an ɗora buhunan siminti a kai, 'yar kafar da ta rage an cusa mata tsumma, kai ka ce mai jego aka killace.

Ranar Talata na je gidan wata Hajiya mai kiwon buloila, wato kajin nama, a bayan ɗakin girki. Ina ɗaga ledar ƙofa, wari ya doke ni, idona ya kawo ruwa. Raɓa na ɗiga daga kwanon rufi, garin katakon da aka shimfiɗa ya dame ya zama kamar tuwo. Kajin sun lumshe ido, wasu na goga fuska a fiffike, in ka kasa kunne kana jin kurkur a maƙogwaronsu. Na ce, "Hajiya, don Allah shigo ki tsuguna nan, daidai tsayin kansu." Ba ta yi minti ɗaya ba ta miƙe tana toshe hanci da mayafi. Na ce to su fa nan suke wuni, nan suke kwana. Ta ce, "Wallahi Malam tausayinsu nake ji." Na yarda. Wanda ya tashi tsakar dare ya leƙa kajinsa ba mugu ba ne. Amma tausayin nan shi ke cinye miki jari.

Zarnin da ke sa ido yaji, amoniya ce, daga kashinsu take tashi in shimfiɗa ta jiƙe. Tana ƙona ido, tana kassara hanyar numfashi, daga nan duk cutar da ke yawo sai ta samu ƙofa a buɗe. Sai a ruga a sayo ƙulli-ƙullin magani a zuba a ruwa, kwana biyar su ɗan farfaɗo, sati ya zagayo a koma gidan jiya. Ko rigakafin cututtukan kaji, irin su Lasota da na Gumboro, kun yi a kan lokaci, ba ya hana iska mai guba yin aikinta. Ga kuma kashin jini, wanda ba abin da yake so irin jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. Kuɗin maganin da wasunku suka kashe a watan nan ya isa a sayi ragar waya a zagaye akurkin duka.

Na san za a ce, to 'yan tsaki fa? Gaskiya ne, a satin farko suna son ɗumi wajen digiri 32 zuwa 35, ana ragewa kaɗan-kaɗan duk sati har gashi ya rufe su. Amma ɗumi daban, toshewa daban. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai sa kurfotin gawayi a ciki sannan ya rufe ko'ina ruf. Gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa, har mutum. Da safe a tarar da tsaki a kwance, a ce annoba ce, ko a ce bakin maƙwabta. Ba bakin kowa, ledarki ce. A hura gawayin a waje sai ya ruru hayaƙi ya ƙare, kuma a bar kafa daga sama ko da faɗin tafin hannu. Tsakin ma za su gaya miki: in sun cure jikin wuta sanyi suke ji, in sun gudu jikin bango suna haki zafi ya yi yawa.

Abin takaici, ledar da aka ɗaura a Disamba sai a manta da ita har Afrilu. Bazarar Kano kuwa kun san ta, zafi kan haura digiri 40. Kaza ba ta gumi, bakinta take buɗewa ta yi haki, ta saki fukafukai. A ƙarƙashin kwano, ba iska, tsakanin azahar da la'asar sai manyan, waɗanda ake shirin kaiwa kasuwa, su fara faɗuwa.

Gyaran ba wani mai tsada ba ne. Bango ya tsaya bulo biyu ko uku, sauran har sama raga, kuma a ɓangarori biyu masu fuskantar juna don iska ta shiga ta fita. Kar a manna akurki jikin katanga ta kowane gefe. Da hunturu a tare gefen da iska ke bugowa kawai, arewa maso gabas, da buhu, a faro daga ƙasa, amma a bar saman a buɗe. Rana ta fito a naɗe. A ɗora zana ko karan dawa a kan kwano. A damƙi shimfiɗa a hannu, in ta dunƙule ta jiƙe, a kwashe a zuba sabon garin katako, ga shi nan a 'Yan Katako ta Na'ibawa, ko ɓuntun shinkafa. A ɗaga mazubin ruwa kan bulo. A rage cunkoso, buloila manya kar su wuce goma a murabba'in mita ɗaya.

Hajiya dai ba mu rabu ba sai da yaronta ya hau kan turmi ya yanke saman ledar da reza. Ku ma kafin ku kira ni, ku shiga ku tsuguna tukuna, don ita ce tambayar da zan fara yi.