Sinadaran abinci

Sinadaran abinci su ne abubuwan da jiki ke tatsa daga abin da mutum ya ci ko ya sha, domin samun ƙarfi, gina tsoka da ƙashi, da gyara abin da ya lalace. Masana sukan kasa su gida shida: kabohaidiret, furotin, mai, bitamin, ma'adinai da ruwa. Uku na farko jiki na buƙatarsu da yawa. Bitamin da ma'adinai kuwa ɗan kaɗan ya wadatar, sai dai rashin ɗan kaɗan ɗin nan kan kwantar da mutum.

Masu ba da ƙarfi

Giram ɗaya na kabohaidiret ko na furotin yana ba da kalori kusan 4, na mai kuwa 9. Gero, dawa, masara, shinkafa da rogo duk gidan kabohaidiret ne. Furotin an gina shi ne da amino asid iri 20, tara daga ciki jiki ba ya iya haɗa su da kansa, dole daga abinci za su zo. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya daga cikin taran, wato laisin, wake kuma yana da shi sosai, shi ya sa shinkafa da wake ko koko da ƙosai ke cike giɓin juna.

Tarihin gano bitamin

Cututtuka ne suka fara nuna hanya. A 1747 James Lind, likitan sojan ruwan Birtaniya, ya raba matuƙa 12 masu fama da sikabi, ciwon da ke sa dasashi zubar da jini, ya ba kowane biyu magani daban. Waɗanda suka sha lemon zaƙi da lemon tsami ne suka warware. Duk da haka sai wajen 1795 rundunar ta fara raba wa matuƙanta ruwan lemon tsami.

A tsibirin Jaba da ke Indonesiya ta yau, cikin shekarun 1890, Christiaan Eijkman ɗan Holan ya lura cewa kajin da ake ba shinkafar da aka surfe tas suna kamuwa da wata shanyewar ƙafa mai kama da beriberi, cutar da ke raunana jijiyoyin mutane, idan aka mayar musu da dusar sai su miƙe. Shi dai ya ɗauka guba ce a cikin shinkafar, dusar kuma makarinta. Abokin aikinsa Gerrit Grijns ne ya gane cewa wani abu ne aka cire tare da dusar. Casimir Funk ɗan Folan ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai sunan bitamin a 1912, sannan Eijkman da Frederick Hopkins, wani masani ɗan Birtaniya, suka raba kyautar Nobel ta 1929. Bitamin na ƙarshe da aka ware shi ne B12, a 1948. Yau ana ƙidaya bitamin 13: A, D, E da K masu narkewa cikin mai, sai C da dangin B guda takwas masu narkewa cikin ruwa.

A ƙasar da yau ake kira Gana ne Cicely Williams ta bayyana cutar kwashiyoko, mai nasaba da ƙarancin furotin, a farkon shekarun 1930, a jikin yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara kawai.

Ƙaranci

Rashin bitamin A yana kawo dundumi. Ana samunsa a hanta, manja, karas da zogale. Rashin aidin yana kawo maƙoƙo, abin da ya sa Nijeriya ta wajabta zuba shi cikin gishiri tun farkon shekarun 1990. Ƙarancin sinadarin ƙarfe shi ne kan gaba wajen haddasa ƙarancin jini, musamman ga masu juna biyu da ƙananan yara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi ke ci a rana ya kai giram 5.

Saɓani

Masana ba su gama daidaitawa ba a kan girman haɗarin kitsen dabba ga zuciya, haka ma amfanin shan ƙwayoyin bitamin ga wanda ba shi da ƙaranci.