Miya ta ɓaci, yaya za a yi? Tambayoyin da amare ke yawan yi mani

Tun da na fara koya ma ƙannena da 'yan unguwa girki a nan Birnin Kebbi, tambayoyin kusan iri ɗaya ne, mai tambayar ce kawai ke canzawa.

Anti, gishiri ya yi mani yawa, in jefa dankali?

Ki jefa in kina son cin dankali. Shi dai ruwan miyar yake sha, abin da ya rage a tukunya na nan da gishirinsa yadda kika bar shi. Maganin kawai ki ƙara miyar, ruwan zafi da ƙarin kuka, ko kabewa in taushe ce. Kuma abin da ake mantawa, maggi kansa cike yake da gishiri, ki marmasa ƙwaya 4 ki zo ki zuba gishiri cokali guda, ga miya na ta tsotsewa bisa wuta, to me kike jira ya faru? Ki bar gishiri sai ƙarshe, bayan kin ɗanɗana.

Kukata kullum gudaji take yi.

Kin juye ta lokaci guda ne cikin ruwa mai tafasa. Rage wuta, hannu ɗaya na barbaɗawa ɗayan na kaɗa maburgi. In ta riga ta yi, ki tace a rariya ki murje gudajin da bayan ludayi, ba wanda zai sani.

Me ke kashe yauƙin guro, wato kuɓewa?

Tsami shi ne babba. Tumatir ya yi yawa, ko kin haɗa da sure, wato yakuwa, yauƙi zai tsinke, haka in ta daɗe tana dahuwa. Shi ya sa ake sa kanwa, tana kashe tsami. Amma nan ne mutane ke wuce gona da iri, wata sai ta jefa dunƙule sukutum, miya ta yi duhu ta riƙa ɗanɗanon sabulu, wannan kam ba ta da gyara sai haƙuri. Ki jiƙa 'yar kaɗan a kofi ki tsiyayi ruwan sama. Kakata kuma ba ta yarda a rufe tukunyar guro, ni ma har yau a buɗe nake barinta.

Ta kama a ƙasa, har ƙauri na ji.

Kar ki motsa, kar ki kankare! Juye ta saman a wata tukunya. Miyar gyaɗa ta fi kowacce wannan hali, kina juya baya ki amsa waya shi ke nan. In da ɗanyen kifi a ciki, irin wanda ake kawowa daga Yauri, girgiza tukunyar ake yi, ludayi dagargaza shi zai yi ƙaya ta watsu.

Na yanka tarugu hannuna na raɗaɗi, ruwa ya ƙi yi.

Zafin tarugu mai yake bi, ruwa kaɗai ba ya ɗauke shi. Shafa man gyaɗa sannan ki wanke da sabulu, kuma don Allah kar ki sosa ido.

In mai ya fallatso mani fa?

Ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, ki bar shi yana zuba a wurin kamar minti 20. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja. In ƙunar babba ce ko a fuska ko jikin yaro, asibiti. In kuwa man ne ya kama da wuta a tukunya, kashe gas ki kifa murfi, ruwa ko ɗigo kar ya taɓa shi.