Karatun Ilimin Kiwon Lafiya da Abinci Mai Gina Jiki a Jami'a: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara idan sunayen waɗanda suka samu gurbin jami'a suka fito, sai ka ga yaro ya nemi likitanci ko aikin jinya, an tura shi ilimin kiwon lafiya ko kimiyyar abinci mai gina jiki, ya dawo gida jiki a sanyaye. Iyaye ma sukan ce, wannan kuma me ake zama da shi? Ga tambayoyin da ƙannena ɗalibai suka fi yi mini, da amsar da nake ba su.

Kwas ɗaya ne ko biyu?

Biyu ne, sai dai 'yan uwan juna ne. Ilimin kiwon lafiya yawanci yana ƙarƙashin tsangayar ilimi, a sashe ɗaya da ilimin motsa jiki, kamar yadda yake a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano. Shi kuwa na abinci mai gina jiki kimiyya ce zalla, kuma jami'o'in Ibadan da Nsukka suna cikin waɗanda suka daɗe suna koyar da shi. Na biyun yana bin abinci daga baki har cikin jini, ya ga abin da yake yi wa jiki. Na farkon yana bin mutum ne, don ya gane dalilin da ya sa yake yin abin da ke cutar da shi, da yadda za a yi ya bari. Kowane ɗalibi a cikinsu sai ya ɗauki darussa daga ɗaya ɓangaren kafin ya gama.

Me ake buƙata kafin a shiga?

Kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da bayoloji. Mai son kimiyyar abinci kuwa ba shi da hanyar kauce wa kemistiri. Ilimin kiwon lafiya shekara huɗu ne ga wanda ya shigo ta jarrabawar JAMB, mai takardar NCE kuma yakan fara daga aji biyu. Sharuɗɗan sukan ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka a duba kundin JAMB na shekarar kafin a cike fom.

An ce kwas ne mai sauƙi, girki kawai ake koya. Haka ne?

Wannan maganar ta kayar da ɗalibai da yawa tun a aji biyu. Kafin ka taɓa tukunya sai ka ratsa ta kemistiri, da ilimin sinadaran jiki, da yadda hanta da ƙoda da hanji suke aiki, da ilimin ƙwayoyin cuta, da lissafin ƙididdiga. Za ka haddace cewa giram ɗaya na sitaci ko na furotin yana ba da kalori 4, na mai kuma 9, sannan a ba ka nauyin mutum da tsawonsa da irin aikinsa a ce ka tsara masa abincin yini.

Daɗin karatun yana zuwa ne ranar da ka fara ganin darasin a cikin kwanon gidanku. Furotin ɗin gero da dawa da masara yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wake kuma yana da shi da yawa. Ashe ke nan shinkafa da wake, ko koko da ƙosai, haɗi ne da kowannensu ke cike giɓin ɗan uwansa. Bitamin A da ke cikin ganye ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, shi ya sa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa ya fi dafaffen zogale gaya amfani. Iyayenmu mata sun yi wannan haɗin tun ba a buɗe jami'a ba.

Akwai kuma inda darasin yake saɓa wa al'ada. Kanwar da ake jefawa don wake ya yi saurin nuna tana lalata wasu daga cikin bitamin B. Shayin da ake kurɓa tare da abinci yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke ɗauka, alhali lemon zaƙi ko tumatir suna ƙara shi. Wannan babbar magana ce ga mai juna biyu da ke fama da ƙarancin jini. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu kan ɗauki gubar aflatoksin mai illa ga hanta, kuma dafawa ba ta kashe ta.

Wane aikin hannu ake yi, ban da lakca?

Nan ne nake so ɗalibi ya fi mayar da hankali. Za a ba ka wani ɗan siririn tef mai launi uku, kore da rawaya da ja, na awon damtsen yaro daga wata 6 zuwa wata 59. Ka lanƙwasa hannun hagunsa, ka nemo tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ka saki hannun ya miƙe, ka zagaya tef ɗin ba tare da ka matse ba. Idan ya faɗa ƙasa da santimita 11.5, ja ke nan, yaron yana cikin tamowa mai tsanani. Sai ka danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan gurbin yatsan ya zauna, akwai kumburi, kuma wannan yaron asibiti ya nufa ko da damtsensa ya nuna kore. Ranar da na fara ganin tef ya tsaya a ja a hannun yarinya 'yar shekara biyu, hannun bai fi kaurin yatsuna biyu nawa ba, na daina kallon lambar nan a matsayin abin haddar jarrabawa.

Za ka koyi tambayar uwa duk abin da yaro ya ci tun daga jiya war haka. Aikin yana da wuya fiye da yadda ake zato, domin a gidajenmu ba da giram ake auna tuwo ba. Sai ka tambayi malmala nawa, ludayi nawa na kunu, su nawa suka sa hannu a kwanon. Za ka koyi bambanci tsakanin rama, wadda ke zuwa da sauri, da tsumburewa, wadda ke taruwa a hankali cikin kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57.

Za kuma ka san abincin tamowa na leda, wanda ake yi da gyaɗa da madara da suga da mai da bitamin, kowace leda da kalori 500. A yunwar 2005 a Nijar, musamman yankin Maraɗi, aka ga amfaninsa a fili: dubban yara suka warke a gida a hannun iyayensu mata, aka bar gadon asibiti ga masu tsananin ciwo.

Ɗaliban tsangayar ilimi suna fita koyarwar gwaji a makarantu, na kimiyyar abinci kuma suna zuwa horon SIWES, wato koyon aiki a aikace, a asibiti ko masana'antar abinci.

Ai kowa ya san a wanke hannu, a ci abinci mai kyau. Sai an yi digiri a kan wannan?

Da sani kaɗai yana gyara hali, da ba a buƙatar kwas ɗin. Ɗauki shayarwa. Ƙa'ida ita ce nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a ba jariri. Uwa ta ji wannan a wurin awo, ta kuma yarda. Ta koma gida cikin zafin watan Afrilu, uwar mijinta ta ce, "Ke, za ki kashe mini jika da ƙishi?" Wa kake ganin zai yi nasara? Haka dakashi, nonon farko mai kauri da ke ɗauke da kariya daga cututtuka, wanda har yau a wasu gidaje ake matsewa a zubar. Ɗalibin da ya fahimci darasinsa zai gane cewa uwar mijin ce ya kamata ya fara zama da ita, ya gaishe ta yadda ya dace, ya saurari tsoronta, sannan ya bayyana mata cewa mafi yawan nonon uwa ruwa ne, kuma ruwan randa shi ke kawo gudawa.

Babban darasin da ya kamata kowane aji ya tsaya a kansa shi ne na rigakafin shan inna. A 2003 aka dakatar da shi a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargin cewa an gurɓata maganin, a garin da bai manta da gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, har Indonusiya. Abin da ya juya lamarin shi ne shigowar sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida, mutanen da jama'a suka sani suka kuma amince da su. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Da Turanci ake koyarwa, mutanena kuma Hausa suke ji. Ya zan yi?

Ka ɗora wa kanka aikin da ba a ba ka maki a kansa: duk darasin da aka yi, ka sake faɗinsa da Hausa kamar kana gaban Gwaggo. Ka san cewa maƙoƙo daga ƙarancin aidin yake, shi ya sa ake sa aidin a gishiri. Ka san dundumi alamar ƙarancin bitamin A ne. Ka iya kwatanta ruwan gishiri da suga ba tare da takarda ba: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, sannan a riƙa ba yaro ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14. Littattafai da yawa misalansu na abincin Turai ne, don haka ka nemi jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar, ka riƙa duba kuka da gero da wake a ciki.

Wane irin firojet ya kamata in zaɓa a ajin ƙarshe?

Wanda za ka iya zuwa da ƙafarka ka auna. Abin da 'yan makarantar firamare ɗaya suke karyawa da shi, ko yadda masu ciwon suga a unguwarku suke cin abinci a watan azumi, ya fi babban take da za ka kwafo daga intanet. Ka nemi izinin mutane kafin ka tambaye su, ka ɓoye sunayensu, kuma kada ka cike takardun tambaya da hannunka a ɗaki.

Ina ake aiki bayan an gama?

Mai ilimin kiwon lafiya yakan koyar a sakandare ko kwalejin kiwon lafiya, ko ya yi aikin wayar da kai a ma'aikatar lafiya da hukumomin lafiya a matakin farko. Mai kimiyyar abinci yana iya shiga masana'anta, ko hukuma irin NAFDAC, ko shirye-shiryen yaƙi da tamowa na gwamnati da ƙungiyoyin agaji. Wanda yake son tsara abincin marasa lafiya a asibiti, masu ciwon ƙoda da hawan jini da suga, sai ya ƙara horon shekara ɗaya a asibitin koyarwa bayan digiri.

Abu ɗaya nake roƙo a kiyaye: wannan takardar ba ta mayar da mutum likita. A ƙauye da zarar an gan ka da tef da sikeli za a fara ce maka "likita", a kawo maka yaro mai zazzaɓi a ce ka rubuta magani. Ka auna shi, ka duba kumburi, idan yana gudawa ka fara ba shi ruwan gishiri da suga, sannan ka raka uwar zuwa asibiti mafi kusa.